MU SAUKE FAMFON FESHI DAGA BAYA, MU ƊORA SHI BISA TAYA

Ina neman aron hankalinku a kan wani kaya wanda kusan kowane gidan manomi yake da shi a rataye a zaure ko a gefen rumbu, watau famfon feshi na goyo. A yau da wuya a noma wake ko masara ko tumatir ba tare da shi ba. To, ni a ganina lokaci ya yi da za a sauke wannan kaya daga bayan mutum a ɗora shi bisa taya, a bar tayar ta ɗauki ruwan, ta kuma buga famfon da kanta. Har wa yau, ina ganin ba daga ƙasashen waje ya kamata mu zauna jiran irin wannan keken feshi ba. Maƙeranmu da masu walda da ɗalibai irinmu su ne ya kamata su ƙera shi, a bisa awon kunyoyin gonakinmu.

Kada wani ya ce ina ruwan ɗan makarantar kwana da maganar feshi. Da yawa daga cikinmu kuɗin littattafai da na sabulu da na garin kwaki da na motar dawowa makaranta, duk daga buhun wake suke fitowa. Nijeriya ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Jamhuriyar Nijar ke bi mata, wake kuwa ƙwari ba su da abincin da suke so kamarsa. Darɓa ta kama shi yana ƙarami, tsutsa ta huda furensa da kwansonsa, har manomi yakan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin ya ga amfani. A 2019 an amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, mai jure wa tsutsar kwanso, amma ko shi ɗin ana yi masa feshi kamar sau biyu saboda sauran ƙwari. A 2016 kuma tsutsar nan mai cin masara ta ɓullo a ƙasar nan, kuma a wannan shekarar ce wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano. Ga maganin ciyawa, wanda ya karɓe rabin aikin fartanya. Sa'an nan babban hutunmu a tsakiyar damina yake faɗawa. Wa kuke tsammani yake goya famfon idan mun koma gida? Mu ne da yayyenmu.

Bari mu ɗauki alli mu yi lissafi. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau wajen eka biyu da rabi. Idan an yi huɗa da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, kamar yadda malaman gona suke cewa a yi, za a sami kunya 133, kowace mai tsawon mita 100. Mai fesa kunya ɗaya-ɗaya ke nan zai taka fiye da kilomita 13 kafin ya gama. Famfon da aka fi sayarwa yana cin lita 16, lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce, in an haɗa da nauyin famfon kansa ya zama kusan kilo 20 a gadon baya. Idan maganin yana bukatar lita 200 a hekta, sai an cika an goya sau 13. Duk tsawon wannan tafiya hannun hagu yana sama yana ƙasa a kan mariƙin famfo, na dama yana riƙe da sandar feshi. A yi wannan sau shida a damina ɗaya, a gaya mini bayan wa zai kwana lafiya.

Nauyi ma ba shi ne babbar illar ba. Famfo in ya kwana biyu murfinsa yakan saki, robarsa ta ci, sai magani ya riƙa tsiyaya yana bin riga har ƙugu, fatar mutum kuwa tana shan irin waɗannan magunguna, balle ga zufa ga rana. Mai feshin kuma gabansa yake fesawa, sa'an nan ya kutsa cikin ganyen da ya jiƙa yanzu-yanzu. A hutun da ya wuce na ga wani yayana ya dawo daga gonar wake da jiri da ciwon kai, bai iya cin tuwon dare ba, aka ce rana ce ta buge shi, alhali rigarsa wari take yi kamar an tsoma ta cikin tankin. Illa ta uku ita ce rashin daidaito. Da safe mutum yana da ƙarfi, yana buga famfo da kyau. Kafin azahar hannu ya mutu, ƙafa tana sauri don a gama a huta. Sai farkon gona ya sha magani fiye da kima, ƙarshenta ya sami ɗan yayyafi. An yi asarar kuɗi a can, an bar ƙwari da rai a nan.

Shi wannan famfon goyo ba don wake aka ƙago shi ba. A 1885 wani masani a Faransa mai suna Millardet ya bayyana wani haɗi na sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa wanda ke maganin cutar ganyen inabi, sai maƙera irin su Vermorel suka ƙera famfon da za a goya a bi layin inabi da shi. Ba a daɗe ba manoman dankali a Turai da Amurka suka ga goyo ba zai fisshe su ba, suka ɗora tanki bisa keken doki, suka haɗa tayar keken da famfo. Doki yana tafiya, taya tana juyawa, famfo yana bugawa. Da tarakta ta zo sai suka koma kanta. Mu kuwa an kawo mana na farkon da na ƙarshen, an tsallake na tsakiya. Injin feshi na tarakta mai fukafukai mita goma ko fiye yana da kyau a babbar gona, amma ina zai juya a gonar eka biyu mai gawo a tsakiya da ɗorawa a gefe? Kuma mutum nawa ne a ƙauyenmu suke da tarakta? Na tsakiyar nan da aka tsallake shi ne daidai da mu.

To, yaya abin yake aiki? Duk wanda ya taɓa gyara sarƙar keke ya riga ya san rabin sirrin. A keke, ƙafa ce take juya feda, feda ta ja sarƙa, sarƙa ta juya taya. A keken feshi sai a juya al'amarin. Mutum yana tafiya da keken, ƙasa tana juya taya. A jikin tayar an ɗaura babban faifai mai haƙora, sarƙa ta tashi daga kansa ta juya wani ƙaramin faifai. A jikin ƙaramin akwai ɗan hannu irin na feda, an haɗa shi da wata sandar ƙarfe, ita kuma sandar tana tura fistin na famfo sama da ƙasa. Fistin in ya ja sai bawul ɗaya ya buɗe ruwa ya shigo daga tanki, in ya tura sai wannan ya rufe ɗayan ya buɗe, ruwan ya bi tiyo zuwa wani dogon bututu da aka gicciya, mai bakunan feshi a jere. Ba fetur, ba batir. Aikin da hannun hagu yake yi ne aka miƙa wa taya.

A nan ne lissafi yake da daɗi. Tayar keke mai inci 26 tana cin ƙasa kamar mita 2 a kowane juyi. A ce bututun yana da bakin feshi huɗu, kowane a saitin kunya ɗaya. Faɗin da ake fesawa a tafiya ɗaya ya zama mita 3, tafiyar kilomita 13 ta dawo kilomita 3 da 'yan kai. Mai taka mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya zai gama hekta cikin kamar awa ɗaya, ban da lokacin cika tanki. Don a zuba lita 200 a hekta, dole kowane juyi na taya ya fitar da mililita 120. Idan famfon da ke hannu yana fitar da mililita 60 a bugu ɗaya, ana bukatar bugu biyu ke nan a juyi ɗaya. Sai a sa faifai mai haƙori 44 a jikin taya, mai haƙori 22 a wajen famfo, shi ke nan an samu. In maganin mai son ruwa kaɗan ne sai a canja ƙaramin faifan a sa wanda ya fi shi haƙora, tare da bakunan da suka dace.

Babbar fa'idar wannan tsari ita ce, yawan ruwan da yake fita ya danganta ga nisan da taya ta ci. In mutum ya ɗan ƙara sauri famfo ya ƙara bugu, in ya lafa shi ma ya lafa, in ya tsaya feshi ya ɗauke. Saboda haka kunyar safe da ta azahar rabonsu ɗaya. Amma akwai iyaka. Malamin kimiyya ya nuna mana cewa in ana so ruwa ya ninka gudu ta cikin rami ɗaya, sai matsinsa ya ninka sau huɗu. Wanda ya ruga da keken, matsi zai hau, ɗigon ya zama kamar hazo, iska ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci. Wanda ya yi tafiyar hawainiya kuma, ruwan zai riƙa zuba kamar daga bakin buta. Don haka ake sa bawul mai sakin ruwa ya koma tanki idan matsi ya yi yawa, kuma komawar nan tana motsa maganin kada ya kwanta a gindi. Ana kuma bukatar ɗan tulun iska a gaban famfo, irin wanda yake cikin famfon goyo, domin iskar da ta matsu a ciki ita ke ci gaba da tura ruwa a tsakanin bugu da bugu, feshin ya fita sumul ba tsit-tsit ba.

Wannan shi ne cikin injin, kuma a ko'ina a duniya haka yake. Abin da ya sa na ce sai an ƙera shi a nan shi ne gangar jikinsa, wadda dole ta bi halin gonarmu. Akwai abubuwa huɗu da nake ganin duk mai ƙirar da ya manta da su ya yi aikin banza.

Na farko, taya da kunya. Yawancin waɗanda ake gani a hotuna an yi su ne don shimfiɗaɗɗen fili, da ƙananan tayoyi kamar na keken yara. Mu huɗa muke yi. Ƙaramar taya in ta shiga kwarin kunya mai yashi nutsewa za ta yi, in ta sami laka ta yi ta santsi, taya kuwa in tana santsi ba ta juyawa, famfo ya tsaya ke nan alhali mutum yana tafiya. Ana bukatar babbar taya guda ɗaya mai kaushi, ta keke ko ta gaban babur, wadda za ta bi tsakiyar kwari, kunya biyu a dama, biyu a hagu. Nisan da ke tsakanin bakin feshi na farko da na huɗu zai zama mita 2 da santimita 25. Kuma tun da ba kowace garma ce take fitar da tazara ɗaya ba, kada a yi wa bakunan walda. A ɗaure su da noti yadda za a iya matsar da su.

Na biyu, inda nauyi zai zauna. Baron da 'yan kasuwa suke turawa tayarsa tana can gaba, kaya suna tsakaninta da mai turawa, shi ya sa wani kaso mai yawa na nauyin yake komawa hannu. Kurar 'yan garuwa kuwa jarka goma ko fiye take ɗauka, yaro ɗaya ya tura ta, domin kayan a bisa tayoyin suke zaune. Wannan darasi ya kamata a ɗauka. A rataya tanki biyu masu lita 20 a gefe da gefen taya, kamar mangala a bayan jaki, a saitin sandar tayar, kuma a ƙasa-ƙasa don kada keken ya riƙa rinjaya. A haɗa gindinsu da tiyo ɗaya domin su riƙa raguwa tare. Da lita 40, cikawa biyar ta gama hekta. Tankin kuwa ya zama na roba, saboda wasu magungunan suna cin ƙarfe.

Na uku, wanda ni a wurina ya fi duka, shi ne inda mutum zai tsaya. Idan aka sa bututun feshi a gaba, mutum yana turawa daga baya, an ninka masa cutar ne sau huɗu, domin yanzu cikin feshin baki huɗu zai riƙa kutsawa. An gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da ya dace shi ne bututun ya kasance a can bayan taya, mutum yana gaba yana riƙe da dogayen hannuwa biyu yana jan keken, kamar yadda akan ja baro ta baya. Ta haka kullum cikin busasshen ganye yake tafiya, feshin yana bayansa da tazarar taku biyu ko uku. Na san za a ce ai ba zai ga bakin da ya toshe ba. Gaskiya ne. Maganin wannan shi ne a sa rariya a bakin tanki da wata ƙarama a bayan kowane bakin feshi, a kuma waiwaya a ƙarshen kowace kunya. Waiwaye ya fi jinya araha. Mai jaki ko sa kuma yana iya yin mai taya biyu, da tazarar santimita 150 a tsakaninsu, su haɗe kunya biyu, dabbar ta bi kwarin tsakiya.

Na huɗu, tsayin bututu da irin bakin. Shuka girma take yi, saboda haka dole a huda ramuka a jere a jikin sandunan da suke riƙe da bututun, a riƙa ɗaga shi yana zama kamar rabin mita a bisa ganye. A yi shi mai naɗewa, don ya wuce ta ƙofar gida da siririyar hanyar gona. Bakin feshi ma iri-iri ne. Mai watsa ruwa a baje kamar mafici da manyan ɗigo shi ne na ciyawa, mai fesa ƙananan ɗigo a zagaye shi ne na ƙwari. Tsutsar masara a cikin tsakiyar kan shuka take ɓuya, sai bakin ya tsaya daidai bisa layi. A ƙara da wani ɗan mariƙi na raba sarƙa da famfo, don kada a yi ta fesa hanya tun daga gida har gona.

Ba na so in yi kamar mai tallan magani a tasha, wanda maganinsa ba abin da ba ya warkarwa. Akwai inda keken nan ba zai shiga ba. Iyayenmu da yawa suna haɗa gero ko dawa da wake a gona ɗaya, kuma da zarar gero ya yi kara, bututun mita biyu ba shi da hanya. Waken gargajiya mai yaɗo yana rufe kwari, taya za ta tattake shi. Fadamar shinkafa mai ruwa ma ba wurin taya ba ce. A waɗannan wurare famfon goyo yana nan da aikinsa. Amma feshin ciyawa bayan shuka, da masara kafin ta kai ƙugu, da waken zamani mai tsayawa, da gyaɗa, da waken suya, da auduga tana ƙarama, duk aikin keke ne, kuma su ne mafi yawan feshin da ake yi.

Wani zai ce ai yanzu ga famfo mai batir ya cika kasuwa. Na yarda ya hutar da hannu, amma bai hutar da baya ba, bai hana tsiyaya ba, kuma shi ruwa ɗaya yake fitarwa ko ka yi sauri ko ka yi nawa. Ga neman wurin caji a ƙauyen da ba wuta, ga batir in ya mutu sai an je birni. Sarƙa kuwa in ta tsinke, mai facin keke na bakin kasuwa ya gyara ta kafin a tashi daga cin kasuwa. Wani kuma zai ce samarin da suke feshi ana biyansu tanki-tanki za su rasa abin yi. Ni a ganina su ne za su fara cin moriya, domin wanda yake gama gona ɗaya a yini zai gama uku ko huɗu, ya koma gida da sauran ƙarfinsa. Akwai dai gargaɗi ɗaya da ya wajaba in yi. Taya ba ta mai da guba ruwan sha. Ko da keke ko da goyo, sai an sa takalmin roba da safar hannu da riga mai dogon hannu, a rufe hanci, a bi awon da aka rubuta a jikin kwalba, a guji feshi in ana iska, a yi wanka da sabulu in an gama. Kuma sauƙin aiki kada ya sa a riƙa feshi ba dalili. A duba gona tukuna a ga ko akwai ƙwarin.

Saura tambaya ɗaya: za mu iya? Garmar shanu ta Emcot daga masana'anta ta fara zuwa, amma yau maƙeran garuruwanmu suna ƙera irinta, suna yi mata baki in ya cinye. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya ga injunan niƙa da na casa waɗanda aka haɗa da hannu daga ƙarfen da wasu suka zubar. Keken feshi bai kai waɗannan wuya ba. Kayansa tsohuwar taya ce, da sarƙa, da faifai biyu, da boris, da 'yan sandunan ƙarfe, da tiyo, da bakuna huɗu. Famfon goyon da yake gida ma ba sai an yar da shi ba, ana iya ɗaure shi a kan keken a haɗa mariƙinsa da sandar da taya take motsawa. A Indiya an daɗe ana yin haka da tsofaffin kekuna. Abin da mai walda ya rasa shi ne lissafin haƙora da lita, mu kuwa abin da muka rasa shi ne hannun walda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina roƙon Shugaban makaranta da Malamin aikin gona da Malamin aikin ƙarfe su ba Ƙungiyar Matasa Manoma dama ta ƙera guda ɗaya a ɗakin koyon sana'a kafin damina mai zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajinsa ba ya bukatar ko ɗigon magani. A auna mita 100 a gonar makaranta, a cika tanki da ruwan rijiya, a ja keken, a auna abin da ya ragu. In lita 6 ta fita, lissafi ya yi daidai da lita 200 a hekta. A ɗaura gwangwani a ƙarƙashin kowane baki a ga ko rabonsu ya zo ɗaya. A sa wa mai ja farar riga, a zuba shuni a ruwan, sa'an nan a goya wa wani famfon goyo da irin wannan ruwa da irin wannan riga, a jera rigunan biyu a gaban taron iyaye da malamai. Gani ya kori ji.

Ina kuma kira ga masana na Samaru da na Cibiyar Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilori, su zana irin wannan keke da awonsa dalla-dalla, su buga bayanin da Hausa a takarda ɗaya wadda mai walda zai manna a bangon shagonsa. Ƙirar da ta tsaya a ɗakin baje koli ba ta kashe tsutsa ko ɗaya.

Ku kuma iyayenmu, roƙona gare ku ƙarami ne. Tsohon keken nan da yake jingine a bayan ɗaki, kaji suna kwana a kansa, a ba mu shi. In mun zo hutu da wani abu mai taya ɗaya da dogon bututu, kada a yi mana dariya a ce boko ya taɓa yaro. A ba mu kunya huɗu a gefen gona mu gwada, ku tsaya ku gani da idonku, in ya yi ku ce ya yi, in bai yi ba ku nuna mana inda za mu gyara, domin kun fi mu sanin ƙasar. Kun sayar da wake kun kawo mu nan don mu koyi lissafi da kimiyya. Hanya mafi kusa da za mu fara biyan wannan bashi ita ce mu sauke muku kilo 20 daga baya.